Filawud ɗin betula ko katakon maɗaci: wanne za a kai wa kafinta?

Betula bishiyar ƙasashen sanyi ce, irin su Rasha da Finlan, mai farin ɓawo, tana zubar da ganye kafin lokacin ƙanƙara. Ba ta tsira a Kaduna, sai dai ta iso mana a matsayin filawud. Falle mai kaurin milimita 18 yakan zo da shimfiɗa 13 da aka manne a giciye, shi ya sa ba ya saurin tanƙwarewa, yana kuma riƙe sukurun ƙofar kabad gam.

Matsalarsa gara da danshi. In aka jingina shi da bango mai laima a watan Agusta, gefensa zai kumbura. Dole a shafe kowane gefe da banish sau biyu, a ɗaga kabad ɗin daga ƙasa.

Maɗaci kuwa namu ne, ja, mai nauyi, ya fi jure gara. Amma in an yanko shi ɗanye, hunturu na kamawa sai ya tsage, haɗin ya buɗe. A tambayi mai katako a kasuwar Panteka ta Kaduna yaushe aka yanka shi.

A ganinmu, gado da ƙofa a ba maɗaci. Durowa da kantar jera kaya, betula.