Madubin hangen nesa 10x25 ya ba ni kunya a dajin Kakum

Jama'a, ƙaramin madubin hangen nesan nan mai lamba 10x25 da ake ta tallarsa a intanet, wai ruwa ba ya shigarsa, ya ƙona min rai ƙwarai.

Na saye shi ne don tafiyar da na yi gandun dajin Kakum a ƙasar Gana. Burina in bambance tsuntsaye biyu 'yan gida ɗaya da idona: ƙaramin grinbul, wanda masana ke kira Eurillas virens, da ɗan'uwansa Eurillas latirostris. Dukansu ba su kai santimita 20 ba, launinsu kore ne mai duhu, kuma cikin sarƙaƙiya suke wuni. Abin da ke raba su a ido shi ne zane rawaya da na biyun ke da shi, daga gefen baki ya gangaro maƙogwaro kamar saje. Ƙaramin ba shi da shi.

Da sassafe jagoranmu ya nuna min ɗaya a kan reshe, kusa sosai. Na ɗaga madubi, sai hazo. Raɓa ta riga ta shige cikin gilashin, ta inda hannu ba ya kai wa balle a goge. Idon da bai yi hazo ba kuma duhu kawai yake nunawa, domin gilashi mai faɗin milimita 25 ba ya tara haske a ƙarƙashin manyan itatuwa. Jagoran ya miƙo min nasa 8x42, mai gilashi faɗin milimita 42, ya ce, "Malam, gwada wannan." Wallahi nan take na ga zanen raɗau, har tsuntsun yana kumbura shi.

Jagoran ne ma ya koya min in riƙa sa kunne, don 'ya'yan mai zanen ba su da zane tukuna. Ƙaramin grinbul surutu gare shi, yana ta ɓuɓɓugo da waƙa har tsakar rana. Ɗayan kuwa "curuk, curuk" yake ta maimaitawa.

Tsakani da Allah, madubin ba shi da nauyi, yana shiga aljihu, kuma da ya bushe na kalli shaho da shi a fili lafiya lau. Har na fara cewa a bar shi ya yi aikin gona. Sai na tuna da mai shagon da ya sayar min da shi. Da bakinsa ya rantse min cewa ko a ruwan sama ba abin da zai same shi. Da na mayar masa, cewa ya yi kayan da aka buɗe kwalinsa ba ya dawowa. Ba zan sake sayen ko allura a wurinsa ba, kuma duk mai shirin shiga kurmi ya ƙara kuɗi ya nemi 8x42.