Madubin ƙara girma na jonawa da waya: ya nuna min haƙoran tsutsar teku, ya kasa nuna gashinta

Ga ɗalibin da ke bincike kan halittun ƙarƙashin ruwa a Legas, ƙaramin madubin nan na ƙara girma da ake jonawa da waya ko kwamfuta ya ci kuɗinsa, amma yana da iyaka, kuma gara a san iyakar kafin a saya. Na sayi nawa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja saboda aikina na shekarar ƙarshe kan tsutsotsin teku masu gashi, waɗanda masana ke kira Polychaeta. Dangin tana ne, sai dai yawancinsu a ruwan gishiri suke zaune, kuma an gano ire-irensu fiye da 10,000 a duniya. Madubin makarantarmu layi ake bi, ni kuwa daga Agege nake zuwa, shi ya sa na nemi abin da zan riƙa dubawa da shi a gida da daddare.

Laka nake ɗebowa daga gaɓar tafkin Legas, wajen Makoko da Okobaba inda masu yankan katako suka daɗe suna zubar da garin itace, in tace ta da rariya mai ido milimita 0.5. Abin da ya rage a rariyar shi ne aikina.

Inda madubin ya fi burge ni shi ne kan tsutsotsin gidan Nereididae. Da ido kawai sai ka ɗauka shanshani ne ya faɗa ruwa. A fuskar waya kuwa komai na fitowa: idanu 4, siraran ƙahoni 2 a gaba, wasu masu kauri 2 a ƙasansu, da zare 8 da suka kewaye kan, huɗu-huɗu kowane gefe. Jikin gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa da ƙafafun nama dama da hagu, kowace ƙafa ta rabu reshen sama da na ƙasa, daga nan gashin yake tsirowa. Idan ka danna bayan kan a hankali da hantsaki, maƙogwaron yakan juyo waje, sai ga baƙaƙen muƙamuƙai 2 masu lanƙwasa, da ƙananan haƙora barbaje a jikin maƙogwaron. Waɗannan haƙora ba a banza suke ba. Tun shekarun 1860 wani masani ɗan Suwidin mai suna Kinberg ya raba wurin gida 8, kuma har yau da yawan haƙoran kowane gida da siffarsu ake rarrabe tsutsotsin. Jinsin da ake kira Perinereis, alal misali, haƙoransa na gida na 6 dogaye ne a kwance, ba masu tsini ba. Wannan na gan shi sarai, na ɗauki hoto na tura wa Malam ta WhatsApp, ya tabbatar min.

Matsalar tana ga gashin. An rubuta a kwali cewa yana ƙara girma sau 1000, amma abin da na gani bai kusa da haka ba, hoton kawai yake buɗewa ya dusashe. Gashin nan kuwa shi ne alƙali. Da yawansa gida biyu ne, sanda da kaifi a samanta, sai ka ga ko mahaɗin daidai yake ko ya karkace, ko kaifin dogo ne mai tsini ko gajere mai ƙugiya. Abin da ya raba jinsin Nereis da na Neanthes ma gajeren gashi ne mai ƙugiya a reshen sama na ƙafafun baya, na farko yana da shi, na biyu ba shi da shi. Wannan sai an yanko ƙafa ɗaya an ɗora a gilashi an duba da babban madubin ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ya fi damuna shi ne jajayen tsutsotsin da ke cika baƙar laka mai wari. Kowa sai ya rubuta Capitella capitata ya wuce, don an san ta da son gurɓataccen wuri. Alhali wadda aka fara ba wannan suna a 1780 daga Girinlan aka samo ta, kuma tun 1976 bincike ya nuna ire-ire da yawa ne masu kama da juna ake haɗawa a suna ɗaya. Da wannan madubi iyakarka ka ce gidan Capitellidae. Don Allah 'yan'uwa ɗalibai, kada mu laƙaba wa halittun tafkinmu sunan da ba mu tabbatar ba.

Fitilun madubin suna ƙyalli a kan ruwa, don haka nakan kashe su in haska tocila ta gefe, in sa baƙar takarda a ƙarƙashin faranti. Ƙafarsa ta roba tana rawa, da ka taɓa tebur hoto ya gudu. Tsutsa mai rai ba ta tsayawa, sai an kwantar da ita da ruwan magnesium chloride kafin a adana a sinadarin ethanol kashi 70 cikin 100. Abin jin daɗi, batirin waya yake ja, ko an ɗauke wuta aiki na tafiya.

Wanda zai saya ya nemi mai ƙafar ƙarfe, kuma ya jona shi da wayarsa a shagon ya ga hoto ya fito kafin ya biya, domin ba kowace waya ke karɓarsa ba.