Likitan da ya tambaye ni sau nawa nake sujada

Jama'a salamu alaikum. Masu ta aiko saƙo wai me ya sa aka daina ganin hotunan ƙwallonmu ta ranar Lahadi, to gwiwa ce ta zaunar da ni, yau wata huɗu kenan. Muna buga biyar-biyar a filin ciyawar roba a nan Birmingham, wallahi ba wanda ya taɓa ni, na kafa ƙafar dama zan juya kawai sai na ji ƙas kamar an karya rake a cikin gwiwar, kafin dare ta yi suntum.

Ranar awa shida na yi a zaune a sashen gaggawa, aka ɗauki hoton ƙashi aka ce babu karaya, aka miƙo min sanduna biyu, wai in je in sha Panadol in ɗora ƙanƙara. Shi kenan fa. Mutumin da ke biyan fam 1,035 na lafiya duk shekara tun kafin a buga masa biza, a sallame shi da ƙanƙara! Sannan mutanen nan har gobe wasiƙa suke aikowa ta gidan waya, kullum ina dogara sanda in leƙa ƙofa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, sai da aka yi sati bakwai kafin a kira ni hoton MRI mai nuna jijiyoyin cikin gwiwa. A Kano in da kuɗinka a aljihu ai a satin za ka yi.

To ranar da na ga likitan ƙashi ita ce ta sa ni wannan dogon rubutun. Wani dattijon Bature ne, ya riƙe cinyata da hannu ɗaya ya janyo ƙwauri da ɗayan, ƙwaurin ya taho gaba salin alin kamar an ja durowa. Ya juyo min da kwamfuta ya nuna min, akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, ta gaban da suke kira ACL ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa, tawa ta tsinke gaba ɗaya. Kuma yawanci ba ɗinke ta ake ba, wata jijiyar ake yankowa a jikinka a huda ƙashi sama da ƙasa a zura ta ta maye gurbin.

Na ce to likita yaushe za a yi aikin? Sai ya ajiye biro ya ce me kake so ka yi da gwiwar?

Haushi ya kama ni gaskiya. A raina na ce sati nawa ina jira, ƙarshe kuma ni za a tambaya, to wa ya yi karatun likitan, ni ko kai? Shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba, wane aiki kake, kana ɗaga kaya, ƙwallon nan da ita kake ci ko nishaɗi ce, tun da abin ya faru gwiwar ta taɓa zame maka kana cikin tafiya? Can sai ya sake duba sunana a kati ya ce kana sallah? Sau nawa kake sa gwiwa a ƙasa a rana?

Na yi shiru ina lissafi da yatsu. Raka'a goma sha bakwai na farilla, sujada talatin da huɗu, banda nafila. Ya rubuta. Ya ce dalilin tambayar, in an ɗebo jijiyar daga gaban gwiwa, ƙasan ƙoƙon nan, mutane da dama na fama da ciwo in sun durƙusa, don haka in dai aiki za a yi min ya fi son ya ɗebo ta bayan cinya. Har sai da ya sa na kwatanta masa zaman tahiya da lafiyayyar ƙafar don ya ga iya lanƙwasar da nake nema. Jama'a, ni da tun ranar da abin ya faru a kan kujera nake sallah a bayan sahu tare da dattawa, ban taɓa gaya wa kowa yadda abin ke cin raina ba, sai ga wanda bai san alƙibla ba shi ya fara tambaya. Ban san sanda idona ya ciko ba.

Takardar da ya ba ni na je gida na bi ta har intanet. A Suwidin an yi bincike a kan matasa 121 masu irin ciwona aka fitar da sakamakon a 2010, wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka ce su fara da motsa jiki in ta ƙi sannan a yi. Bayan shekara biyar kusan rabin na biyun ba a taɓa yanka su ba kuma gwiwarsu ba ta fi ta sauran muni ba. Har na fara murna, sai na ci karo da binciken nan Ingila na 2022, mutum 316 da ciwonsu ya ɗan kwana biyu gwiwar na zame musu, su kuma waɗanda aka yi wa tiyatar ne suka fi jin daɗi bayan wata 18. Ka ga kowa da nasa, shi ya sa dattijon ya bar min zaɓi. Na ce bari in fara da fisiyo, wato motsa jiki na asibiti.

Nan ma wani cin fuskar. Na tafi da tunanin gashi irin namu, a kwantar da kai a mulke ka da man zafi a haska maka fitila. Ina! Wata yarinya sa'ar ƙanwata ta zaro tef irin na tela ta auna cinyoyina, mai ciwon har ta rame, ta ce tsaya da ƙafa ɗaya, ni da nake kiran kaina lamba takwas a filin ƙwallo ko ƙirga goma ban yi ba na dafe bango. Minti ashirin ta sallame ni da takarda mai zane-zane, sai bayan sati uku. Duk wahalar kai za ka yi kayanka, safe da yamma, a ɗaki kai kaɗai da robar ja ɗaure a ƙafar gado.

Kuma a nan ne nake jin haushinmu. Da a unguwa ne kowa ya san hukuncin, targaɗe ne, a kira mai ɗori, ƙarti biyu su danne ka a ja. Ba raina gadon kowa nake ba, amma jijiyar da ta tsinke a can cikin gaɓa me ja zai yi mata? Yara nawa muka sani masu ƙafa kamar me, daga an ce ruwa ya taru a gwiwa sai a yi allura a kemis a ɗaure da bandeji a koma fili, duk zamewa ɗaya tana ƙara cin guringuntsin ciki, ga asibitin ƙashi na Dala a hancinmu amma sai ƙafa ta lalace ake tunawa da shi.

Amma fa kar ku ce na yabi nan da yawa. Wata huɗu, mutum uku ne suka taka suka zo dubiya, su ma a tsaye don suna da aiki. Da a gida ne ɗaki ba masaka tsinke, wannan ta aiko farfesun ƙafar sa, wancan ya zo da lemo da ayaba, wani ya kwana. Nan kuwa da sanda a hammata nake dafa Indomie. Hajiya kullum in ta kira magana ɗaya ce, kar ka yarda su yanka ka, na haɗa maka man shanu da habbatussauda.

Yanzu dai alhamdulillahi sujada ta dawo tun sati na goma, tahiya ce har yanzu sai na ɗan karkace. Sai dai satin jiya ina saukowa daga bas gwiwar ta ɗan gurɗe, sau ɗaya, amma na ji ta har ƙwaƙwalwata. Sunana na kan layin tiyata, sun ce in na ga dama in janye, in kuma an yi to ba ƙwallo sai bayan wata tara aƙalla, ga hutun aiki, ga tunanin wa zai kama ni in shiga wanka. Wata mai zuwa zan koma wajen dattijon. Duk mai tahowa daga Kano kafin nan don Allah ya biya ya karɓo saƙon Hajiya, amma in ta cusa kilishi a cire, a filin jirgi za su ƙwace.