Wata takwas da lasifika mai ƙaho a falona

Ranar da na shigo da lasifikun nan masu ƙaho gida, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, masallaci za ka buɗe mana?" Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Dabarar ɗaya ce da ta lasifikar ladan: ɗan ƙaramin abu ne ke kaɗawa can ciki, sai baki mai faɗi irin na kakaki, wato ƙahon, ya tattara sautin ya turo shi gaba. Ta gida dai tana cikin akwatin katako, da babban faifai a ƙasa mai fitar da kaurin sauti.

Guda biyu na saya, na hannu, kuma abin da ya ja ni shi ne rashin cin wuta. Tsofaffin lasifikuna desibel 87 suke bayarwa da wat 1, waɗannan kuwa 99 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti). Tunda ƙarin desibel 3 na buƙatar ninka wuta, ƙarar da a da sai da wat 16, yanzu wat 1 ya isa. Mai zaman sola irina ya san darajar wannan. Dalilin da ya sa gidajen sinima suka fara da ƙaho ke nan, lokacin da amfilifaya, wato na'urar da ke tura wa lasifika wuta, ba ta da ƙarfi. Paul Klipsch, wanda ya kafa kamfaninsa na lasifika a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, yana cikin waɗanda suka shigo da dabarar ɗakin zama, kuma lasifikarsa mai suna Klipschorn a kusurwa ake ajiye ta don bango ya ƙarasa ƙahon.

Daɗin kuwa sai wanda ya ji. In aka buga kalangu, dukan yakan faɗo a ƙirji kamar makaɗin na tsakar ɗaki. Karatun Alƙur'ani ko da ƙasa-ƙasa ne bayan isha'i, har jan numfashin mai karatu ina ji.

Amma fa ba ta rufa wa kowa asiri. Waƙar da ta sha yawo a WhatsApp, ƙarar samanta sai ta riƙa sukar kunne kamar ana goga ƙarfe. Tsohuwar amfilifayata ma ta tonu: ashe tana da wani "sss" da ban taɓa ji ba, yanzu daga kujera nake jinsa. Falona tayil ne, sai abin ya ƙara tsanani, har sai da na shimfiɗa darduma mai kauri na rataya labule.

Sannan sautin ɗan son kai ne. Kujera ɗaya ce ke morewa sosai, wanda ya zauna gefe rabi yake samu. Ga nauyi, ga cin wuri. Da hunturu ƙura ta kwanta a bakin, da damina kuma zanzaro ya fara gini a cikin ta hagu, na kwana biyu ina zaton ta lalace.

Ba zan mayar da su ba. Ƙanena da ke ɗaki ɗaya, waƙoƙinsa duk daga waya, shi kam na hana shi saya.