Tsakanin littattafai biyu kan yaƙin Iwo Jima, ga wanda za ka fara saya

Malam, tunda kuɗin guda ɗaya ke hannunka, kuma kana tsakanin Flags of Our Fathers na James Bradley da So Sad to Fall in Battle na Kumiko Kakehashi, ka ɗauki na Kakehashi. Dukansu ina da su. Ɗaya har bangonsa ya fara ɓallewa saboda aro, ɗayan kuwa yana nan a kanta ƙura na cinsa.

Na Kakehashi ɗan siriri ne, shafi ɗari biyu da ɗoriya. An fara buga shi da Japananci a 2005, fassarar Turanci ta fito a 2007. Labarin Janar Tadamichi Kuribayashi ne, kwamandan da Japan ta tura tsibirinta na Iwo Jima a watan Yunin 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don ya kare shi daga Amurkawa, kuma marubuciyar ta gina shi a kan wasiƙun da ya riƙa aiko wa iyalinsa da hirarrakin da ta yi da waɗanda suka rage. Mutumin ya san Amurka da idonsa, don ya zauna can a ƙarshen shekarun 1920, ya zagaya ƙasar da mota, ya ga masana'antunsu. Ya san ba a cin irin waɗannan mutane da yaƙi. Saboda haka tun ranar da ya sauka bai sa ran komawa gida ba, burinsa kawai ya ja kwanaki, ya sa Amurkawa su biya kowane taku da jini, ko jiragensu sa jinkirta ƙona Tokyo.

A nan ne za ka gane abin da ya sa tsibirin da bai wuce murabba'in kilomita 21 ba ya ci kwana 36, daga 19 ga Fabrairu zuwa 26 ga Maris 1945. Al'adar sojan Japan ita ce su tare abokin gaba a bakin ruwa, in abu ya ƙi, su yi kukan kura su afka da takobi da banati su mutu gaba ɗaya. Kuribayashi ya hana duka biyun, har ya yi ta samun saɓani da wasu hafsoshinsa da na sojan ruwa. Ya kwashe fararen hula daga tsibirin, ya sa aka haƙa ramuka da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa kusan kilomita 18, a ƙasar da ke tafasa da farar wuta, inda mai haƙa ba ya iya wuce 'yan mintoci sai ya fito shan iska. Babu kogi, babu rijiyar kirki, sai ruwan sama da aka tara, kuma janar ɗin bai yarda a ba shi fiye da rabon ƙaramin soja ba. Ranar da Amurkawa suka sauka, ya ƙyale su suka cika gaɓa, ƙafafunsu da motocinsu suna nutsewa cikin baƙin yashin nan, sannan ya ba da umarnin buɗe wuta. A ƙarshe Amurkawa kimanin 6,800 suka mutu, wasu wajen 19,000 suka ji rauni. Cikin Japanawa kimanin 21,000, waɗanda aka kama da rai lokacin yaƙin ɗari biyu ne da 'yan kai.

Amma ni ba dabarun yaƙin ne suka riƙe ni ba, wasiƙun ne. Akwai wadda yake damuwa da wata kafa a daɓen kicin ɗin gidansu da iska ke shigowa ta cikinta lokacin sanyi, yana cewa ya so ya toshe kafin ya taho bai samu ba, har yana kwatanta wa ɗansa yadda zai gyara. Wani dare da aka ɗauke wuta ina karatu da fitilar waya, na fassara wa maiɗakina wannan wurin. Tana cikin tsince shinkafa ta tsaya, ta ce, "Wannan ai wasiyya yake bari, ba gyaran kicin ba." Tun daga ranar ita ke tambayata me ya rubuta wa 'yar autarsa Takako, sai da muka kai ƙarshe tare. Mace ce da ko labaran yaƙi a rediyo ba ta saurara.

Wani abin da littafin ya tono shi ne saƙonsa na bankwana. A ɗaya daga baitocin da ya rufe da su ya ce suna faɗuwa cikin baƙin ciki bayan harsashi ya ƙare. Hukumar soja a Tokyo ta ga bai dace janar ya ambaci baƙin ciki ba, sai aka sauya lafazin kafin jaridu su buga. Gawarsa kuwa ba a taɓa gano ta ba.

Yana da nasa aibin. Marubuciyar tana son mutumin, kuma son ya fito fili. Ba za ka samu bayanin ɓarnar da sojan Japan suka yi a Sin da sauran ƙasashen da suka mamaye ba, alhali shi kansa Kuribayashi babban hafsa ne a rundunar da ta kama Hong Kong a 1941. Haka kuma ba ya bin yaƙin rana-rana, wace bataliya ta kama wane tudu. In wannan kake nema, ka ƙara da Iwo Jima na Richard Newcomb na 1965 idan aljihu ya yi nauyi.

Na Bradley kuwa, ba laifi, yana karantuwa. Ya fito a 2000, kan mutum shida da ke hoton kafa tutar Amurka a dutsen Suribachi wanda Joe Rosenthal ya ɗauka ranar 23 ga Fabrairu, da yadda aka yi ta yawo da ukun da suka tsira a biranen Amurka don tara kuɗin yaƙi. Babin Ira Hayes, ɗaya daga cikin ukun, yana taɓa zuciya. Sai dai ginshiƙin littafin shi ne mahaifin marubucin yana cikin hoton, kuma a 2016 rundunar Marine ta sojan Amurka da kanta ta ce ba shi ba ne, Harold Schultz ne. A 2019 ta sake cire Rene Gagnon ta sa Harold Keller. Mahaifin Bradley ya yi yaƙi a tsibirin har ya samu lambar jarumta, babu mai ƙwace masa wannan, amma ka san da wannan gyaran kafin ka karanta. Kuma tutar an kafa ta ne a rana ta biyar, mafi munin yaƙin yana gaba, a arewacin tsibirin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen saye. Masu tallan littafi a intanet da yawa fotokwafi suke yi su manna bango mai sheƙi su ce na waje ne. Ka ce a ɗauko maka bidiyon cikinsa, a buɗe shafukan hotuna da taswira. In ka ga fuskokin sun zama baƙi ƙirin, ko rubutu ya karkace, na bogi ne, kuma irinsu sau da yawa shafuka na ɓacewa a tsakiya. Na Bradley yana da taƙaitaccen bugu na yara 'yan makaranta, akwai masu miƙa shi da kuɗin cikakken. Na Kakehashi kuma an buga shi a Ingila da sunan Letters from Iwo Jima, don haka kada wani ya haɗa maka su biyu a matsayin littattafai daban, ka duba sunan marubuciyar. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi duka kafin ya nuna maka kaya, ka bar masa abinsa. Duka da Turanci suke, amma Turancin na Kakehashi mai sauƙi ne, ba sai da ƙamus a gefe ba. In ka gama shi kana son na Bradley, kada ka kashe kuɗinka, ka yi mini magana in ba ka aron nawa.