Bindigata ta airsoft ta farko: abin da na'urar auna gudu ta koya mini a Manchester

Wata huɗu ke nan ina wasa da wata gajeriyar bindiga ta kamfanin Specna Arms, daga jerin da suke kira Edge, a wani filin cikin gida da aka yi a tsohon sito a Manchester. Ga wanda bai san wasan ba: bindigogi ne masu kama da na gaske, suna harba ƙananan ƙwallayen roba masu faɗin milimita 6, ana raba ƙungiya biyu, duk wanda aka samu ya ɗaga hannu ya fita.

Kafin ita sai da na yi asara. Na sayi wata ta hannu a wajen wani mutum a intanet, doguwa, mai nauyi, na yi ta murna. Ranar Asabar da safe na shiga layin gwaji, mai kula da filin ya zuba mata ƙwallayensa masu nauyin giram 0.20, ya ce in harba sau uku ta cikin ɗan akwatin auna gudun ƙwallo da suke kira kurono. Lambar ta fito 370, sannan 368, sannan 371. Ya girgiza kai ya ce iyakarsu 350 ce, ba zai ɗaura mata alamar izini ba. Haka na mayar da ita jaka na biya kuɗin haya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da aka fara wasa na ga ana cin karo da mutum a lungu tazarar taku biyar, sai na ba shi gaskiya. A wannan kusancin ƙwallon yana fasa leɓe, har haƙori yana iya karyawa.

Lambobin nan gudun ƙwallo ne, ƙafa nawa yake ci a daƙiƙa ɗaya. Ƙafa 328 ita ce mita 100, kuma ƙwallo mai giram 0.20 a wannan gudun yana ɗauke da ƙarfin jul 1 daidai (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu). Ƙafa 350 tana kai wa kusan jul 1.14, iyakar da filaye da yawa a Birtaniya suka sa wa bindiga mai batir, wasu filayen cikin gida kuma sukan tsaya ƙasa da haka. Dokar ƙasar ta 2017 ta ce mai harbi a jere kada ta wuce jul 1.3. Wato tsohuwar tawa tana dab da bakin doka ban sani ba. Kada kuma mutum ya yi dabarar zuba ƙwallo mai nauyi don lambar ta sauka. Gudun zai ragu, ƙarfin yana nan.

Abin da ya sa na zaɓi Edge ɗin abu ɗaya ne: ana canza sifirin ɗinta ta baya ba tare da an farke injin ba. Sifirin shi ne tushen ƙarfin, shi ke tura iskar da ke fitar da ƙwallo. Ta zo da ƙarin sifirin mai lamba M90 a cikin kwali, wato mai ba da kusan mita 90 a daƙiƙa. Na zauna a teburin kicin, na zare gindin, na kwance bututun baya, na danna maƙallin na murɗa, tsohon ya zamo na zura sabon. Bai kai minti goma sha biyar ba, kuma ni ba makanike ba ne. Mako na gaba kurono ya nuna 298, 301, 299. Mai kula ya ɗaura mata igiyar roba ja ya ce in wuce.

Na ɗauka zan ji rashin ƙarfin, ban ji ba. Mafi tsawon layi a siton bai wuce mita 25 ba, kuma da na saita ɗan roban da ke murza ƙwallo don ya miƙe, yana isa can sarai. Dama a ciki ɗai-ɗai ake harbi, an hana jerawa. Gajartarta ta fi komai yi mini amfani, ina leƙa ƙofa ba tare da bakin bindigar ya riga ni shiga ba. Batir ƙarami mai bolt 7.4 yana kai ni yamma.

Kada a manta da batun saye. Sai ɗan shekara 18 ake sayar wa, kuma mai launin ta gaske sai an nuna shaidar cewa kana wasa, galibi rajistar UKARA, ƙungiyar masu sayar da kayan airsoft a Birtaniya, wadda ake samu bayan wasa uku a fili ɗaya cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba. Wanda bai da ita sai ya sayi mai fenti mai haske. Wasannin ukun nan da bindigar haya su ne damarka ta tambayar iyakar filin ka kuma riƙe iri-iri a hannu.

Da zan sake, shago zan fara zuwa in ce su gwada ta a gabana, in ware kuɗin tabarau mai kyau da ragar rufe baki tun kafin in taɓa bindiga. Sifirin mai ƙarfin yana aljihun jakata har yanzu, sai bazara idan muka fita filin daji zan gwada shi a kurononsu.