Injin matsa ko injin iskar kabon: wanne ya dace da mai tatsar mai a Gombe?

Duk wanda ya tara jari yana son tatsar mai daga riɗi, gyaɗa, habbatus-sauda ko 'ya'yan zogale, hanya uku ce a gabansa.

Ta farko injin matsa ne, wanda muka saba gani. Makanikin unguwa zai gyara maka shi, tunkuzar kuma masu kiwo na jiran ta. Aibinsa, yana barin mai a tunkuza, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma idan ya ɗau zafi ƙamshin man yakan canza.

Ta biyu wanke iri da sinadarin hekzen. Tana kwashe mai kusan tas, amma hekzen na kama wuta kamar fetur. Wannan a bar wa manyan masana'antu.

Ta uku ita ce ake ta yabo a intanet, wato tatsa da iskar kabon, irin wadda ke cikin lemon kwalba. Idan zafinta ya haura digiri 31, matsinta ya wuce bar 74 (bar ma'aunin matsi ne), sai ta shiga wani hali tsakanin iska da ruwa, tana ratsa garin iri, tana narkar da man da ke ciki. Da an sassauta matsin sai ta rabu da man, a sake amfani da ita. Man yana fita ba ragowar sinadari, kuma da yake a digiri 40 zuwa 60 ake aikin, bai ƙonewa. Da wannan dabara ake cire kafeyin, sinadarin da ke hana barci, daga kofi tun bayan binciken masanin kimiyya Kurt Zosel a Jamus. Gaskiya man da take fitarwa abin sha'awa ne.

Sai dai a duba nauyin. Man iri yakan buƙaci bar 200 zuwa 400, alhali tayar mota bar 2 zuwa 3 take ɗauka. Tukunyar da za ta jure wannan sai ƙarfe mai kauri, da famfo na musamman, da wutar lantarki tsayayya. Dole iri ya bushe sosai, a niƙa shi, a riƙa loda tukunya ɗaya bayan ɗaya.

Ni a ganina, wanda zai sari riɗi da gyaɗa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya sayar da man girki, injin matsa ne nasa. Farashin galan ba zai taɓa biyan injin kabon ba. Injin kabon na mai tatsar abu kaɗan ne mai tsada, kamar habbatus-sauda ko citta, wanda ya riga ya sami mai saye cikin masu haɗa magani ko man shafawa.

Kafin ka biya ko sisi, tambayi dillali lita nawa tukunyar ke ci, bar nawa take jurewa, ina takardar gwajin matsinta, ina za ka riƙa samun iskar, kuma wa zai zo Gombe ranar da famfon ya tsaya. Ka aika masa da irinka ya tatsa, ka kai man ɗakin gwaji tukuna.